Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Binciken Akwatin Wutarta

A ɗakunan ajiya na sassan jami'o'i da na tsofaffin ofisoshi ba a rasa wata kwamfuta da ƙura ta lulluɓe, wadda rabonta da wuta ya kai shekara ashirin ko talatin. Wata rana sai a tuna da ita, ko dai don akwai rubuce-rubuce a faifanta waɗanda ba su da kwafi a ko'ina, ko kuwa don ana so a nuna wa ɗalibai irin na'urar da aka faro da ita. Abin da aka saba yi shi ne a kaɗe ƙura, a cusa fulogi a bango, a danna makunni. To, a duk tsawon rayuwar wannan na'ura babu lokacin da ya kai wannan daƙiƙa hatsari.

Ɗayan abu huɗu ne zai faru. Ko a ji shiru, ko fanka ta ɗan motsa ta tsaya, ko hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, ko kuma na'urar ta tashi sarai kamar jiya aka kashe ta. Mai karatu zai ɗauka cewa na ƙarshen nan shi ne abin murna, hayaƙi kuma shi ne babbar asara. Sau da yawa akasin haka ne. Hayaƙin na iya fitowa daga wani ɗan abu mai araha wanda ake canzawa cikin rabin sa'a, alhali na'urar da ta tashi tana iya shan wutar da ta fi ƙarfinta, tana lalacewa ba tare da kowa ya sani ba. Ga shi kuma kayan cikinta ba na sayarwa ba ne a kanti. Kamfanin Commodore, alal misali, ya durƙushe tun 1994, kuma ƙwayoyin lantarki na musamman da ya ƙera wa na'urorinsa, waɗanda masu gyara ke kira aisi, an daɗe da daina yin su.

Aikin akwatin wuta

Wutar da ke fitowa daga bango a Nijeriya da Nijar tana da ƙarfin kimanin bolt 230, kuma mai kai-da-komo ce, wato tana juya alkibla tana dawowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Ƙwayoyin da ke cikin kwamfuta ba sa iya amfani da irin wannan wuta. Abin da suke bukata shi ne wuta miƙaƙƙiya, mai gudu ta fuska ɗaya kamar ta batir, mai ƙarfin bolt 5. Yawancin ƙwayoyin wancan zamani an yi su ne su yi aiki tsakanin bolt 4.75 da 5.25, rubu'in bolt kawai aka yafe ta kowane ɓangare. Sashen da ke sauya wutar bango zuwa wannan lallausar wuta shi ne akwatin wuta, wanda a bakin masu gyara ake ce masa fawa saflai.

Iri biyu ne. Tsohon salo yana farawa da taransifoma mai nauyi, ta ƙarfe da wayar tagulla, wadda ke sauko da wutar zuwa bolt kaɗan. Daga nan dayod huɗu su miƙar da ita, sai babbar kafasita, wadda masu gyaran rediyo suka fi sani da kwandansa, ta tara ta kamar yadda randa ke tara ruwa, ana zuba mata a kai a kai amma ana ɗiba a hankali. A ƙarshe akwai mai daidaita wuta, wanda ke zubar da rarar ta hanyar mayar da ita zafi. Idan aka ba shi bolt 9 ya fitar da 5, kuma na'ura tana jan amfiya 1, to wat 4 ke nan yake ƙonawa a jikinsa domin ya isar da wat 5. Tsari ne mai sauƙin fahimta, sai dai akwai ɓarna da zafi.

Salo na biyu ba ya jiran taransifoma. Yana miƙar da wutar bango kai tsaye, abin da ke ba da kusan bolt 325, sa'an nan wani taransisto ya riƙa datse ta yana sakewa sau dubban gomomi a daƙiƙa. Saboda saurin nan, 'yar ƙaramar taransifoma ta wadatar, kuma zafin da ake asara kaɗan ne. Manyan kwamfutoci sun riga sun fara amfani da wannan dabara, amma Apple II ta 1977 na cikin na'urorin gida na farko da suka ɗauke ta. Injiniya Rod Holt ne ya tsara akwatin wutarta, kuma albarkacinsa ne na'urar ta yi aiki ba tare da fanka ba. Irin wannan akwati yana da wayo: yana auna abin da yake fitarwa, yana gyara kansa, idan kuma ya ga abin da bai gamsu da shi ba sai ya kashe kansa. Wannan wayon ne yake rikita mai bincike, kamar yadda za a gani.

Kafin a taɓa komai

Wajibi ne a tsaya a nan a yi gargaɗi, domin maganar rai ce. Zare fulogi daga bango ba ya nufin wuta ta ƙare a cikin akwati. Babbar kafasitar da ke ɓangaren wutar bango tana riƙe da abin da ta tara. Wadda girmanta ya kai maikurofarad 220, in ta cika da bolt 325, tana ɗauke da kuzarin da ya haura jul 11, wanda ya isa ya narkar da bakin sukundireba, balle yatsan mutum. Masu ƙira sukan sa wata rasista da za ta tsiyaye wannan wuta bayan an kashe na'ura, amma ita ma rasistar ta tsufa, kuma babu mai tabbacin tana raye. Hanyar da ta dace ita ce a haɗa ƙafafun kafasitar da rasista mai om 47,000 wadda ke jure wat 5, da wayoyi masu rufi, a jira kamar minti ɗaya, sa'an nan a auna da mita a ga lallai ta sauka. Haɗa ƙafafun da bakin ƙarfe don a ga tartsatsi wauta ce. Haka nan farantin alminiyam da ke shanye zafin taransisto yana iya kasancewa ɗauke da wuta muddin akwatin na kunne. Na'urorin da allon kallonsu ke haɗe da jikinsu, irin su Macintosh ta 1984, suna da ƙarin hatsari, don kwalbar allon tana aiki da dubban bolt.

Abin daɗin shi ne, mafi yawan binciken ana yin sa ne daga waje, ta bakin wayoyin da ke fita, inda wutar ba ta wuce bolt 12 ba. Wanda bai goge ba ya tsaya iya nan, ya bar buɗe murfi ga gwanaye.

Sai kuma a karanta abin da aka rubuta a bayan na'ura. Amurka tana amfani da bolt 120 ne, mai juyi 60 a daƙiƙa, kuma tsofaffin na'urori da yawa da aka yi domin kasuwarta ba su san wata wuta ba sai wannan. Wanda ya haɗa irinsu da soket ɗin Kano ko na Maraɗi ya gama da akwatin nan take. Wasu suna da ɗan maɓalli na zaɓi tsakanin 115 da 230. Waɗanda ba su da shi sai an nemo musu taransifoma mai rage wuta. Ba kuma a gwajin farko da wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka, don in ƙarfin da ke shiga ba tsayayye ba ne, awon abin da ke fita ba zai gaya wa mutum gaskiya ba.

Wanda ake zargi ba shi da laifi

Misalin da ya fi koyarwa shi ne na IBM PC samfurin 5150, wadda ta fito ranar 12 ga Agusta, 1981. Akwatin wutarta yana ba da wat 63.5, a rarrabe ta hanyoyi huɗu: bolt 5 mai amfiya 7, bolt 12 mai amfiya 2, sai kuma biyu na ƙasa da sifiri, wato -5 mai amfiya 0.3 da -12 mai amfiya 0.25. Wanda ya ninka kowanne ya tara zai sami 35 da 24 da 1.5 da 3, jimla 63.5 cif. Akwai kuma waya ta musamman wadda ba ta ciyar da komai, aikinta isar da saƙo ne kurum. Bayan an kunna, akwatin yana jira na ɗan guntun daƙiƙa har hanyoyin su daidaita, sa'an nan ya ɗaga wannan waya zuwa bolt 5, alamar cewa wuta ta yi kyau. Saƙon yana zuwa ga ƙwayar 8284, ita kuma sai ta saki ƙwaƙwalwar na'urar, wato Intel 8088, ta fara aiki. In saƙon bai zo ba, kwamfutar za ta zauna shiru ko da sauran hanyoyin duk suna da wuta.

Wata alama da akan gani a wannan na'ura da ƙanwarta XT ta 1983 ita ce: a danna makunni, fanka ta yi ɗan juyi ko rabin juyi, sai ta tsaya. Kowa zai ce akwatin wuta ya mutu. A lokuta da dama lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne ya tashi, ya tarar an haɗe masa ɗaya daga hanyoyinsa da wayar ƙasa, ya ga wutar da ake ja ta wuce kima, sai ya kashe kansa don kada gobara ta tashi. Aikin da aka yi shi dominsa ke nan.

Mai laifin yakan kasance wata 'yar kafasita mai kama da ɗigon fenti, wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, a kan babban allon na'urar ko a kan ɗaya daga katunan da aka soka masa. Da ƙarfen tantalam ake yin ta. Abin da ke raba ɓangarorinta biyu wani ɓawo ne siriri ƙwarai da ke kan ƙarfen, kuma idan ɓawon ya sami rauni, musamman a lokacin da wuta ta afka masa bayan shekaru na zama, sai ya huje, ɓangarorin su haɗe. Kafasitar da ta mutu ta wannan hanya ta zama guntun waya ke nan. An fi samun haka a kan hanyoyin 12 da -12. Wani lokaci ma takan fashe da ƙara, da ɗan harshen wuta da wari, kuma abin mamaki sai na'urar ta tashi bayan haka, domin fashewar ta yanke haɗewar.

Yadda ake rarrabewa ba ya bukatar kayan aiki masu tsada, haƙuri yake bukata. A kashe, a zare fulogi, a cire mahaɗan nan biyu da ke kai wuta ga babban allo, waɗanda aka yi wa lamba P8 da P9. A sa mita a ma'aunin om, a auna tsakanin kowace hanya da wayar ƙasa ta ɓangaren allon. Hanyar bolt 5 takan nuna adadi ƙarami ko da tana lafiya, saboda ɗimbin ƙwayoyin da ke rataye a kanta, amma ba za ta nuna sifiri ba. Idan hanyar 12 ko -12 ta nuna sifiri ko kusa da shi, an kama bakin zaren. Sai a riƙa zare katuna ɗaya bayan ɗaya, ana sake awo bayan kowanne. Katin da cirewarsa ta sa adadin ya yi sama, shi ne gidan ɓarawon. In an cire duka haɗewar tana nan, to a kan babban allon take, sai a bi kafasitocin da ke kan wannan hanya, a ɗage ƙafar kowace da ƙarfen dalma har a dace. Dokar ita ce canji ɗaya, awo ɗaya. Wanda ya cire abu uku a lokaci guda na'ura ta tashi, bai san komai ba game da abin da ya gyara.

Akwai tarko na biyu da ke sa a yanke wa akwati mai lafiya hukunci. Mutum ya cire shi daga na'ura gaba ɗaya don ya gwada shi shi kaɗai, ya kunna, ya ga bai tashi ba, ko ya ga adadi na banza a mita. Dalili kuwa shi ne yawancin akwatunan salo na biyu na wancan zamani ba sa aiki sai da kaya a kansu. In babu mai jan wuta, ba sa iya daidaita kansu. Saboda haka ake ba su kayan aro. Rasista mai om 2.5 a kan hanyar bolt 5 za ta ja amfiya 2, ta ƙona wat 10, don haka a nemi wadda ta fi haka juriya, a kuma kiyayi zafinta. In babu, ƙwan fitilar mota mai wat 21 ya isa, ko wani tsohon injin faifai wanda ba a jin asararsa. Ba a gwaji da injin da ke ɗauke da bayanan da ake son ceto.

Wajen mayar da P8 da P9 kuma akwai abin lura, don kamarsu ɗaya kuma ana iya musanya su. Baƙaƙen wayoyin mahaɗan biyu su haɗu a tsakiya. Wanda ya juya su ya aika da wuta inda ba ta dace ba.

Idan laifin nasa ne

In an ba akwati kayan aro amma ya ƙi motsi, sai a koma kansa. Farkon abin dubawa fis ne, kuma kamanninsa suna da labari. Wanda zarensa ya tsinke kawai, gilashin na nan garau, mai yiwuwa gajiya ce. Wanda gilashinsa ya yi baƙi ƙirin, wuta mai yawa ce ta ratsa shi farat ɗaya, kuma ruwa ba ya tsami banza: akwai dayod ko taransisto da ya haɗe a gaba. Sa sabon fis ba tare da an gano dalili ba asarar fis ce, ɗaure gurbinsa da waya kuwa gayyatar gobara ce. Mita tana iya tantance dayod: mai lafiya yana nuna kimanin 0.5 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya, ya toshe ta ɗayar. Wanda ya haɗe yana nuna sifiri ta ko'ina.

Masu gyara suna da wata tsohuwar dabara ta kunnawar farko bayan gyara. Ana sa ƙwan lantarki na da, mai zare, mai wat 60 ko 100, a jere da akwatin, yadda duk wutar da za ta shiga sai ta bi ta cikinsa. In akwatin lafiya yake, ƙwan zai yi walƙiya sau ɗaya yayin da kafasitoci ke cika, sa'an nan ya dushe. In akwai haɗewa, sai ya haska sosai ya tsaya a haka, ya shanye ƙarfin da zai yi ɓarna. Ƙwayayen zamani masu tsimin wuta ba sa wannan aiki, sai mai zare.

Wani lokaci fis lafiya, babbar kafasita cike, amma ba abin da ke fita, ko kuma a ji akwatin yana ƙyas-ƙyas kamar agogo, alamar yana yunƙurin tashi yana faɗuwa. A nan akan sami matsalar a 'yan ƙananan kayan da ke tayar da taransisto. A BBC Micro, wadda kamfanin Acorn ya fitar a Ingila a 1981 kuma ta cika makarantun ƙasar, wata kafasita guda mai maikurofarad 220, mai lamba C9, ta yi suna wajen hana na'urar tashi idan ta bushe.

Batun hayaƙi kuwa gajere ne. A bakin shigar wutar bango akan sa kafasita mai tace hayaniyar lantarki, kuma na'urori da yawa, ciki har da BBC Micro da Apple II, sun yi amfani da ta kamfanin RIFA na ƙasar Suwidin. Takarda ce mai shafen ƙarfe a cikin ƙaro mai ruwan zuma. Da shekaru ƙaron yakan tsattsage, danshi ya shiga takardar, ran da aka kunna sai ta kama ci. Hayaƙin fari ne, mai kauri, da warin da ke kwana a ɗaki, kuma sau da yawa kwamfutar tana ci gaba da aikinta a tsakiyarsa kamar ba abin da ya faru. Duk wadda aka ga ta tsage a canza ta tun kafin a kunna, kuma da wadda aka yi domin wannan gurbi, mai alamar X2 a jikinta, don ita aka gwada ta jure zama a kan wutar bango.

Ciwon da ba ya nuna kansa

Kafasitocin da suka fi yawa a cikin akwati su ne masu kama da ƙananan gwangwanaye. A cikin kowace akwai faifan alminiyam biyu da aka naɗe tare da takarda jiƙaƙƙiya da wani ruwan sinadari. Ruwan nan yana ƙafewa a hankali ta bakin robar da ta toshe gwangwanin, kuma zafi ne ke gaggauta shi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanan kafasita biyu. Wadda aka yi wa alkawarin sa'a 2,000 a digiri 85 za ta kai sa'a 16,000 a digiri 55, ta kai 32,000 a digiri 45. Bisa wannan lissafi, na'urar da ta yi aiki a ɗaki mai digiri 40, irin na watan Afrilu a Sakkwato, kafasitocinta sun tsufa ninki huɗu a kan na 'yar'uwarta da ta zauna a ɗaki mai digiri 20.

Kafasitar da ta bushe ba ta hana na'ura tashi dole. Abin da take yi shi ne ta kasa lallashe wutar, sai ƙananan raƙuman ruwa su hau kan bolt 5 ɗin. A tsohon salo raƙuman suna zuwa sau 100 a daƙiƙa idan wutar bango mai juyi 50 ce. Daga nan sai alamu masu ruɗarwa su biyo baya: hoto yana rawa, haruffan banza suna bayyana, ko na'ura ta sake tashi da kanta daidai lokacin da injin faifai ya fara juyi ya ja wuta. Nan da nan sai a zargi ƙwayoyin ajiya, a shiga cire su ana sauyawa. Mita ma tana iya taya ruɗin, domin a ma'aunin miƙaƙƙiyar wuta matsakaici take nunawa, sai ta ce 5.0 alhali wutar tana hawa da gangara. Osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a allo, ita ke tona asirin. A hanya mai lafiya raƙuman ba sa wuce 'yan gomomin milibolt. Kumburin kai ko ɗigon ruwa a gindin gwangwani shaida ce, amma rashinsu ba shaidar lafiya ba ce. Akwai mita ta musamman da ke auna turjiyar cikin kafasita, wadda ke ƙaruwa yayin da take bushewa.

Wata al'ada ta yaɗu tsakanin masu sha'awar tsofaffin na'urori, ta canza dukkan kafasitoci tun kafin a auna komai. Ba ko'ina ta dace ba. Da yawa daga na farkon shekarun 1980 suna nan da ƙarfinsu, kuma kowace taɓawa da ƙarfen dalma tana iya ɗaga siririn layin tagullar tsohon allo. Inda ba a jayayya shi ne ƙananan da ake liƙawa a fuskar allo, irin na Macintosh SE/30 ta 1989 da Amiga 600 da 1200 na 1992, don su yoyo suke yi, ruwansu kuma yana cinye tagulla.

Kada a raina ƙananan hanyoyi wajen awo. Ƙwayar ajiya mai lamba 4116, wadda ke cikin Apple II da IBM PC na farko-farko, tana bukatar 5 da 12 da -5 gaba ɗaya, kuma idan -5 ta ɓace sauran suna nan, ƙwayar tana iya lalacewa. Hanyar da ba ta ba da ko rabin amfiya ba tana iya jawo asarar jerin ƙwayoyi.

Mai kisa a ɓoye

Commodore 64, wadda ta fito a 1982 kuma aka sayar da miliyoyinta, ita ce ke nuna ɗaya fuskar al'amarin. Akwatin wutarta a waje yake, curi ne mai nauyi kamar bulo, na tsohon salo, yana ba da bolt 5 miƙaƙƙiya da bolt 9 mai kai-da-komo. Da yawa daga cikinsu an cika su da ƙaro har baki, ya daskare, ya binne taransifoma da mai daidaita wuta da komai. Zafi ba ya samun mafita sosai, gyara kuma ba ya yiwuwa sai an farfasa.

Akwatin IBM in ya ga matsala kashe kansa yake yi. Wannan ba shi da irin wannan kariya. Idan mai daidaita wutarsa ya lalace, ko dalmar ƙafarsa ta ƙasa ta tsage saboda shekarun ɗumi da hucewa, sai ƙarfin da ke fita ya fara hawa sama da bolt 5, kuma babu abin da zai tare shi kafin ya isa ga ƙwayoyi. Fitilar na'ura tana ci, hoto yana fitowa, mai ita yana murna. Ƙwayoyin ajiya takwas masu lamba 4164 su ne kan fara mutuwa, kuma ɓarnar tana iya wucewa zuwa waɗanda ba a samun madadinsu na asali. Wanda bai gane ba sai ya canza ƙwayoyin, ya sake haɗa na'urar da bulon da ya kashe na farko.

Saboda haka a wannan na'ura ana fara awo ne kafin a haɗa. A ɗora wa hanyar bolt 5 kayan aro, misali rasista mai om 5 da za ta ja amfiya 1, a bar akwatin ya yi ɗumi na rabin sa'a ko fiye ana duba mita, don wani ba ya nuna halinsa sai ya yi zafi. A yi hattara da bakin mita a cikin mahaɗin, ƙusoshinsa a matse suke. Duk abin da ya haura 5.25 ya fita daga iyaka. Hanyar bolt 9 kuwa takan nuna 10 ko 11 idan babu kaya, wannan ba aibi ba ne.

Cajar wayar hannu ba za ta maye gurbin wannan bulo ba, ko da yake ita ma bolt 5 take bayarwa. Na'urar tana bukatar bolt 9 mai kai-da-komon nan: daga gare ta tsofaffin samfura ke samar da bolt 12 na ƙwayoyin sauti da hoto, kuma juyinta ne agogon cikin ƙwayoyin 6526 yake ƙirgawa. Ana ƙera sababbin akwatuna masu ba da hanyoyin biyu, akwai kuma 'yar na'urar kariya da ake sawa tsakanin akwati da kwamfuta, wadda ke yanke bolt 5 da zarar ta wuce iyaka. Ko da tsohon bulon ya ci jarrabawar yau, babu mai iya leƙa cikin ƙaron ya ga halin da dalmarsa take ciki. In ana son ajiye shi domin tarihi, sai a naɗe wayarsa, a ɗaure, a liƙa masa takarda mai ɗauke da ranar da aka auna shi da adadin da mita ta nuna, a ajiye shi a kan kanta kusa da na'urar.